Fashin baƙi: kwas ɗin kiwon lafiya da kula da jama'a a siks fom na Ingila, ina yake kai yaro?

Tun watan Fabrairun 2022 da Birtaniya ta buɗe biza ga masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, 'yan uwanmu da yawa suka tafi, wasu ma da iyalansu kafin a hana zuwa da iyali a watan Maris na 2024. Toh yaran da aka tafi da su suna da shekara 12 ko 13 yanzu sun kai inda za a ce su zaɓi abin da za su karanta bayan GCSE, jarrabawar kammala sakandare ta can, kuma kwas ɗin da sunansa ke yawan fitowa a hirar iyaye, musamman masu 'ya'ya mata, shi ne Health and Social Care, wato kiwon lafiya da kula da jama'a. Kwas ne mai kyau wallahi, ni ina cikin masu kare shi. Amma akwai inda yake kai yaro akwai inda ba ya kaiwa ko da yaron ya cinye makin duka, kuma damuwata ita ce iyaye da yawa ba sa sanin haka sai an shiga shekara ta biyu lokacin cike fom ɗin jami'a, lokacin kuma aikin gama ya gama.

Bari mu fara da siks fom ɗin kansa. Yaro a Ingila yana rubuta GCSE a aji na 11 yana ɗan shekara 16, a watannin Mayu da Yuni, sakamako ya fito a Agusta. Doka ta ce dole ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya cika 18, shi ya sa akwai shekara biyu a tsakani, aji na 12 da na 13, su ake kira siks fom. Iyayenmu da suka yi HSC kafin zuwan tsarin 6-3-3-4 sun san shi sarai, haka wanda ya yi IJMB ta ABU Zariya zai gane matakin da ake magana. Ana iya yin sa a makarantar da yaron ya gama sakandare in tana da sashen, ko a kwalejin da siks fom kawai take yi, ko a manyan kwalejojin nan na koyon sana'a. A makarantar gwamnati kyauta ne ga wanda bai kai shekara 19 ba. Wanda ke Sukotland kuwa ya ajiye wannan bayanin gefe, su tsarinsu daban ne.

Inda ruɗanin yake farawa shi ne kwas ɗin ba guda ɗaya ba ne. Yara biyu za su ce maka abu ɗaya suke karantawa alhali takardar da za su fita da ita ta sha bamban nesa ba kusa ba. Da can akwai A level, wato jarrabawar da aka saba rubutawa a ƙarshen siks fom, na wannan fanni a Ingila, an daina shi, sai a Wales da Ireland ta Arewa ne ya rage. Abin da aka fi sani a Ingila shi ne BTEC na kamfanin Pearson, sai takwaransa na hukumar OCR. Shi BTEC ɗin girma-girma ne. Akwai ƙarami da ake kira Extended Certificate, nauyinsa daidai da A level ɗaya, awa 360 na koyarwa, shi yaro yake haɗawa da wasu darussa biyu. Akwai Diploma mai nauyin A level biyu. Sai babban, Extended Diploma, awa 1,080, daidai da A level uku, wanda in yaro ya ɗauke shi toh shi kenan ba ya karanta komai sai shi har shekara biyun ta ƙare.

Makinsu kuma ba A, B, C ba ne, P ne (Pass) da M (Merit) da D (Distinction) da D mai tauraro. Hukumar UCAS da ke kula da shiga jami'a tana maida su lamba: D mai tauraro 56 daidai da A mai tauraro, D 48 daidai da A, M 32 daidai da C, P kuma 16 daidai da E. Ku lura da tazarar da ke tsakanin M da D, babu wani B a tsakiya, daga 32 sai 48. Shi ya sa yaron da ke kawo M a kowane aiki yana ganin ai lafiya lau yake, in aka haɗa masa MMM zai tashi da 96 ne kawai, alhali jami'o'i da yawa 112 ko sama suke nema a karatun nas, wato DMM ko fiye.

Sannan ga T Level, sabon tsarin da gwamnati ta fara a 2020, na fannin lafiya ya shigo a Satumbar 2021. Shi ma nauyin A level uku ne amma ya fi BTEC kimiyya da jarrabawa, kuma dole yaro ya yi aƙalla awa 315 a wurin aiki na gaske, kusan kwana 45 kenan. Farkonsa bai zo da daɗi ba, jarrabawar 2022 ta zo da kurakurai har hukumar Ofqual mai sa ido kan jarrabawa ta ci tarar waɗanda suka shirya ta. Gwamnati ta daɗe tana son janye kuɗinta daga manyan BTEC ɗin nan don yara su koma T Level, makarantu suka yi ta kuka, gwamnatin Labour ta dakatar da shirin a Yulin 2024 ta sake nazari, aka fito da sababbin ƙananan kwasa-kwasai a Satumbar 2025, sannan a Oktoban 2025 aka sanar da wani kuma V Level da za a fara a 2027. Kun ga ke nan abin da ɗiyar maƙwabciyarki ta yi shekara uku da suka wuce ba lallai shi za a ba taki bana ba. A tambayi kwalejin cikakken sunan takardar da girmanta, a rubuce.

Me ake koya musu a ciki? Darasin farko a BTEC girman ɗan Adam ne daga haihuwa har tsufa, ta fuska huɗu, jiki da tunani da halin zuciya da mu'amala da mutane. A nan suke haɗuwa da su Piaget kan yadda hankalin yaro ke buɗewa, da Bowlby kan shaƙuwar jariri da mai rainonsa, da Bandura kan yadda yaro ke kwaikwayon abin da ya gani. Wannan jarrabawa ake zama a rubuta. Akwai darasin yadda ma'aikatan fannin ke aiki da hukumomin da ke sa musu ido, NMC ta nas-nas da ungozomomi, CQC mai duba asibitoci da gidajen kula da tsofaffi. Babban kwas ɗin yana da darasin sassan jiki da yadda suke aiki, shi ma jarrabawa. Ragowar galibi asaimen ne, a ba yaro labarin wani mara lafiya ko tsoho ko mai buƙata ta musamman a ce ya tsara yadda za a kula da shi, ya kawo hujja daga doka.

Nan ne ni nake ganin darajar kwas ɗin, kuma nan ne zai iya kawo gardama a cikin gida, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. Ana koya musu dokar 2005 kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara. Dokar ta ce duk wanda ya kai 16 a ɗauka yana da hankalin yanke hukunci sai in an tabbatar ba shi da shi, a taimaka masa ya fahimta, kuma in ya zaɓi abin da kai kake ganin wauta ne wannan kaɗai bai isa a ce hankalinsa ya gushe ba. Ɗauki misalin dattijo mai ciwon suga da ya ce shi fa sai an zuba masa suga a shayi. A gida 'ya'ya ɓoye sugan za su yi, babban ɗa ya je ya gana da likita a bayan ido, a yanke abin da za a yi, Baba ya ji daga baya ko ma kar ya ji sam, kuma duk cikin ƙauna ake yi. A can ma'aikaciya za ta zauna da shi ta yi masa bayanin illar, ta rubuta a fayil, in ya fahimta ya nace toh shayinsa ne. Ɗansa ma in ya bugo waya yana tambayar me likita ya ce, ba za a faɗa masa ba sai uban ya yarda. Ɗiyarki 'yar shekara 17 za ta rubuta shafi goma tana kare wannan matsayin don ta samu D, sannan ta dawo gida ta ji ana waya da Kano ana shirya yadda za a ɓoye wa kaka sakamakon gwaji. Za ta yi tambaya. Ba rashin kunya ba ne, abin da aka koya mata ne, kuma ni a ganina akwai abin da kowane ɓangare zai koya daga ɗayan, don su ma can suna fama da tsofaffin da ke kwana da kaɗaici ba mai leƙo su, abin da tarbiyyarmu take ƙyama.

Haka batun kare yara. Ba a gama kwas ɗin nan ba a ji sunan Victoria Climbié ba, yarinya 'yar Kwaddibuwa mai shekara 8 da iyayenta suka ba wata 'yar uwarsu riƙo don ta samu karatu a Turai, matar da saurayinta suka azabtar da ita har ta rasu a Landan a Fabrairun 2000, bayan asibiti da 'yan sanda da ma'aikatan walwala duk sun gan ta ba wanda ya cece ta. Binciken Lord Laming ya fito a 2003, daga shi aka samu dokar yara ta 2004. Mu da muka san riƙo, labarin nan ya kamata ya taɓa mu. Kuma yaran za su koyi cewa a Ingila in yaron da bai kai shekara 16 ba zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba ɗan uwansa na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. Za su koyi dokar daidaito ta 2010 wadda ta hana nuna bambanci kan abubuwa 9, ciki har da addini da launin fata, wadda ita ce ke kare hijabin ɗiyarki a wurin aiki, ita ce kuma ke wajabta mata kula da kowane irin mutum da mutunci ko da rayuwarsa ta saɓa wa aƙidarta. Gara a yi wannan hirar a gida tun kafin a fara.

Yanzu ga maganar da ta sa na yi rubutun. Kwas ɗin nan ba ya kai yaro karatun likita. Makarantun likitanci a Birtaniya A level suke nema, galibi AAA ko sama, da kemistiri ko bayoloji ko duka biyun, sai jarrabawar UCAT, kuma fom ɗinsu yana rufewa tun tsakiyar Oktoba na aji 13. Haka likitan haƙori, karatun harhaɗa magani ma kemistiri yake so. Yaron da ya shafe shekara biyu a Extended Diploma ya fito da D mai tauraro uku, maki 168 cif, ya yi bajinta, amma mafi yawan makarantun likitanci ba za su ko duba fom ɗinsa ba. Akwai 'yan hanyoyin zagaye, kamar kwas mai shekarar share fage ko a yi wani digiri tukuna a nema daga baya, amma gasa ce mai zafi kuma kuɗi ne da shekaru. In burin yarinya likita ne kuma GCSE ɗinta na kimiyya ya yi kyau, dan Allah kar a bari wani ya lallaɓa ta zuwa wannan kwas don an ga sabuwar zuwa ce ko Turancinta bai gama zama ba. Ku je ku zauna da malaman ku ce A level na kimiyya kuke so.

Inda yake kaiwa kuwa ba kaɗan ba ne. Karatun nas mai rassa huɗu, na manya, na yara, na lafiyar ƙwaƙwalwa, da na masu matsalar koyo. Ungozoma, aikin walwalar jama'a, ma'aikatan motar asibiti, masu koya wa mara lafiya komawa harkokin yau da kullum, koyarwa a firamare, lafiyar al'umma. Sai dai nan ma da sharaɗi, wasu jami'o'in musamman a ungozoma da gashin ƙashi da ɗaukar hoton jiki suna son ganin kimiyya sosai, shi ya sa haɗin da ni na fi so ga yaron da bai gama yanke shawara ba shi ne ƙaramin BTEC ɗin a haɗa da A level na bayoloji da na ilimin halayyar ɗan Adam. Ya fi wahala amma zaɓinsa ya fi yawa. Kuma kowace hanya aka bi, dole a samu maki 4 ko sama a Turanci da lissafi na GCSE, wanda bai samu ba a siks fom ɗin za a sa shi ya sake rubutawa, kuma jami'a ba za ta ɗauke shi nas ba sai da su. Yara da yawa nan suke maƙalewa ba a kwas ɗin kansa ba.

Wani abu da za a gane, wannan ba irin makarantar koyon aikin jinya ko ta fasahar lafiya ta gida ba ce da ake fita da lasisi. Wanda ya gama bai zama nas ba. Sai ya yi digiri na shekara 3, awa 2,300 a aji awa 2,300 a asibiti, NMC ta yi masa rajista. Da takardar siks fom kaɗai aikin da zai samu shi ne mataimaki a asibiti ko mai kula da tsofaffi, albashin kusa da mafi ƙanƙanta wanda a Afrilun 2025 ya kai fam 12.21 a awa ga ɗan 21 zuwa sama. Sabuwar nas kuwa a NHS ta Ingila, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ta fara da kimanin fam 31,000 a shekara a 2025, da fansho da hanyar hawa sama. Kun ga digirin nan shi ne bambancin.

Toh digirin wa zai biya? Wannan ita ce tambayar da ke hana iyayen da suka zo da bizar aiki barci, kuma ya kamata a yi lissafinta tun yaro yana aji 11. Ɗalibin gida a Ingila fam 9,535 ya biya a shekarar 2025 zuwa 2026, gwamnati ke ba shi bashin, kuma in nas ko ungozoma yake karantawa akwai tallafin fam 5,000 duk shekara da ba a biya. Amma ƙa'idar gama-gari ita ce sai mai takardar zaman dindindin wanda kuma ya zauna shekara 3 a ƙasar. Yaron da ke ƙarƙashin bizar mahaifiyarsa, ko da a Ingila ya yi sakandare gaba ɗaya, jami'a ɗalibin waje za ta ɗauke shi, kuɗin sau da yawa ya haura fam 15,000 a shekara, babu bashi babu tallafi. Zaman dindindin a 2025 bayan shekara 5 ake nema, kuma a Mayun 2025 gwamnati ta fito da shawarar maida shi 10. Saboda haka a ɗauki kalanda a duba, yaushe yaron zai gama aji 13, yaushe iyali za su cancanci takardar. In akwai tazarar shekara ɗaya ko biyu, a nan kwas ɗin nan yake da amfanin da A level ba shi da shi, don yaron zai iya kama aiki a fannin yana tara gogewa da ɗan kuɗi kafin takarda ta fito, kuma masu tantance ɗaliban nas suna daraja wannan gogewar ƙwarai a intabiyu.

Zuwa wurin aiki kuwa, babban BTEC yana buƙatar aƙalla awa 100, a gidan tsofaffi ko makarantar raino ko cibiyar masu buƙata ta musamman, wani lokaci asibiti. Za a yi wa yaro binciken DBS don tabbatar ba shi da laifi a baya. Hijabi ba matsala. Abin da 'yan matanmu ke cin karo da shi shi ne ƙa'idar naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu lokacin taɓa mara lafiya saboda ƙwayoyin cuta, kuma jagorar NHS ta yarda da hannun riga na yarwa da ake sawa a cire, sai a nema da ladabi tun ranar farko. Ɗaliban wannan mataki galibi kallo suke yi da hira da tsofaffi da taya su cin abinci, amma duk mai shirin zama nas ta sani gaba za ta wanke namiji, namijin nas zai kula da mace. Wanda wannan ya dame shi ya nemi malamin da ya yarda da shi ya yi tambaya tun yanzu, ya kuma san akwai rassa kamar na yara ko ungozoma.

Ba na jin daɗin yadda wasu ke raina kwas ɗin, a ce na waɗanda suka kasa A level ne, ko a ce uwa tana wankin tsofaffi 'ya ma za ta gada. Wannan magana tana ƙona min rai. Yaron da ya iya zama da mai ciwon mantuwa ya kwantar masa da hankali, ya rubuta rahoton da kotu za ta iya dogara da shi, ya san lokacin da zai tona asirin cin zarafi ko da ogansa ne ya aikata, ya koyi abu mai nauyi. Kuma kwas ɗin ba sauƙi gare shi ba, wahalarsa ce daban. Mai A level zai iya yin sakaci ya farka kusa da jarrabawa, mai BTEC kuwa asaimen ke bin asaimen tun Oktoban farko, kowanne da ranar miƙawa, makin kowanne yana shiga lissafin ƙarshe, kwafe daga intanet kuma in aka kama an soke aikin. Yarinyar da aka bar wa rainon ƙanne saboda Mama tana aikin dare Baba yana na rana, ita ce za ta fi shan wahala, a rage mata aikin gida a ba ta kwamfuta da wurin zama shiru. Samari ma su shigo, fannin yana matuƙar buƙatar maza musamman a lafiyar ƙwaƙwalwa da motar asibiti.

Kwalejoji suna buɗe ƙofa ga iyaye da yamma a watannin Oktoba da Nuwamba lokacin da yaro yake aji 11. Ku je da kanku ko da an canza shif, kar a tura yaro shi kaɗai. Kafin ku je ku zauna da shi ku buɗe shafin jami'o'i uku ko huɗu na kwas ɗin da yake mafarki, ku karanta sharaɗin shiga, daga can za ku lissafo baya zuwa abin da ya dace ya ɗauka. A wurin ku tambayi malamin wace takarda ce takamaimai, nauyin A level nawa ce, su ke nemo wurin aiki ko yaro ne zai nema, kuma ɗaliban bara ina suka tafi. Ana iya neman gurbi a kwaleji fiye da ɗaya a riƙe tayin duka har sakamako ya fito a Agusta. Wanda kuma ya riga ya fara ya ga ba nan ya dosa ba, yawancin makarantu suna barin a canza kwas a makonnin farko na Satumba, sai a yi sauri a je ofishin shugaban siks fom ɗin tun kafin darussan su yi nisa.